Mamman Shata

Alhaji Muhammadu Shata, wanda aka fi sani da Mamman Shata Katsina (1923 zuwa 18 ga Yuni, 1999), makaɗi ne kuma mawaƙin Hausa daga Jihar Katsina, Najeriya. Ya shafe sama da shekara 50 yana jagorantar ƙungiyar makaɗan kalangu da 'yan amshi, yana tsara musu kiɗa da waƙa. Ana lissafa shi cikin manyan mawaƙan baka na ƙasar Hausa a ƙarni na 20. Ya yi wa sarakuna da attajirai da sojoji da direbobi da mata waƙa, amma bai zama makaɗin fadar wani sarki guda ba.

Asali da ƙuruciya

An haifi Shata a garin Musawa, wanda a lokacin yake ƙarƙashin En'e ta Katsina, yanzu kuma hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Katsina. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya, kuma yana da ƙanwa mai suna Yalwa. Iyayensa Fulani ne. Ya yi karatun allo tun yana yaro, sannan ya shiga noma da ƙananan sana'o'i kamar tallan goro da alewa. Wani ɗan'uwansu da ake kira Baba Salamu ne ya laƙaba masa sunan Shata, har ya danne sunansa na yanka.

Bai gaji kiɗa ba. A wancan zamani kiɗa da waƙa sana'a ce ta gado, kuma jama'a da yawa na kallonta a matsayin roƙo, wanda bai dace da ɗan Fulani ba. Saboda haka mahaifinsa ya ƙi amincewa da ita. Wannan bai hana Shata zuwa dandali ba, inda samari da 'yan mata ke taruwa da dare ana kiɗan asauwara ana rawa. A nan ya fara waƙa don nishaɗi, ba don kuɗi ba, har ya yi fice a tsakanin tsaransa.

Bakori da Funtuwa da Kano

Da waƙa ta zama sana'arsa sai ya bar Musawa ya koma Bakori, ya zauna a wajen Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa a can. A Bakori ya yi aurensa na fari. Daga nan ya koma Funtuwa, gari mai kasuwar auduga da tashar jirgin ƙasa da zirga-zirgar manyan motoci, ya zauna a cikinsa kusan shekara 40. Zaman Funtuwa ya haɗa shi da 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikata, waɗanda da yawansu suka zama iyayen gidansa.

Sunansa ya bazu sosai a shekarar 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, bayan wasan da ya yi a Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan sarautar Kano su 12. Daga baya gidajen rediyo, musamman Rediyon Kaduna, da faifan garmaho da kaset suka kai muryarsa duk inda ake jin Hausa, har Nijar da Gana da Kamaru da Sudan.

Ƙungiyarsa da tsarin kiɗansa

Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo sun yi amfani da kotso, Sarkin Taushin Katsina kuma da taushi. Shata ya riƙe kalangu, wanda a al'ada aka san shi da kiɗan mahauta da na 'yan mata a dandali. Kalangu ganga ce mai baki biyu da siririn tsakiya, makaɗi na rataya ta a hammata, yana matsa tsarkiyarta yana sassautawa don sauti ya hau ko ya sauka. Wannan ne ya sa take iya bin hawa da saukar muryar Hausa. Shata ya ɗauko wannan ganga daga dandali ya shigar da ita fada da gidajen manya, ba tare da ta rasa zaƙinta na rawa ba.

Ƙungiyarsa ta ƙunshi masu kalangu da mai kuntuku da 'yan amshi da maroƙa. Shi kansa a wajen wasa aikinsa waƙa da jagoranci ne. Yakan kafa gindin waƙa, wato gajeriyar jimlar da za a riƙa maimaitawa, makaɗa su ɗauki karinta su zuba a kalangu, 'yan amshi su riƙe ta. Shi kuma sai ya riƙa jero ɗiyan waƙa a kai, yana tsawaitawa ko gajartawa gwargwadon yadda taro ya karɓa. Wannan tsari ya bambanta da na makaɗan fada, inda 'yan amshi kan karɓi ɗan waƙa daga bakin jagora su ƙarasa masa. A wajen Shata nauyin magana duka yana kansa, amshi da kiɗa kuwa su ne turken da yake komowa gare shi.

An san shi da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a. Hakan ya sa waƙa ɗaya takan fito da kamanni daban-daban a wasanni daban-daban, kuma shi kansa bai riƙe adadin waƙoƙin da ya yi ba.

Waƙoƙinsa

Mafi yawan waƙoƙinsa na yabo ne. Ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙa, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya kasance babban ubangidansa. Waƙoƙin Ummaru Ɗanɗanduna da Hassan Sarkin Dogarai da Garba Bichi na cikin waɗanda har yau ake saurara. Bakandamiyarsa waƙa ce da yake wasa kansa a ciki, yana ƙara mata sababbin ɗiya tsawon rayuwarsa. Gagarabadau kuwa ta shahara a fagen zambo.

Ya kuma taɓo al'amuran zamani. Ya yi waƙoƙin ƙarfafa wa sojojin tarayya gwiwa a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya yi waƙar kumbon Apollo 11 da Amurka ta aika duniyar wata a 1969, ya yi na noma da na addini. Wasu waƙoƙinsa, musamman waɗanda suka shafi shan giya, sun jawo masa suka daga malamai, yayin da masoyansa ke ganin yana faɗin rayuwar jama'a ne yadda take.

Siyasa

An zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga jam'iyyar GNPP, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku ya zama shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, amma aka tsige shi sakamakon saɓani da manyan jam'iyyar.

Karramawa da nazari

Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, abin da ya sa ake kiransa Dakta Mamman Shata. Ya yi wasa a ƙasashen Afirka ta Yamma, ya kuma je Ingila da Amurka. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa tarihinsa a littafin Shata Ikon Allah.

Rasuwa

Bayan ya yi jinya a Kano da Jidda, Shata ya rasu ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. An kai gawarsa Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka binne shi a can. Da yake bai rubuta waƙoƙinsa ba, abin da aka ɗauka a rediyo da talabijin da faifai da kaset shi ne ya rage, kuma da shi masu nazarin adabin baka suke aiki a jami'o'i.