Friedrich Froebel: Malamin da ya mayar da wasa karatu

Duk mai kai ɗansa jardan a Agadas, gadon Friedrich Froebel yake ci. An haife shi a Jamus a 1782, mahaifiyarsa ta rasu yana jariri.

A 1837 ya buɗe makarantar ƙananan yara a Bad Blankenburg, a 1840 ya raɗa mata suna Kindergarten, wato lambun yara. Maimakon haddar baƙaƙe, ya haɗa yara da ƙwallo, guntayen katako, waƙa da shuka, don a ganinsa wasa ne karatun farko.

Gwamnatin Purusiya ta haramta makarantun a 1851 bisa zargin yaɗa rashin addini. Ya rasu a 1852, ba a ɗage haramcin ba sai 1860. Har yau iyaye da malamai na jayayya: a bar yaro ya yi wasa, ko a shirya shi shiga firamare?