Léon Levavasseur: Injiniyan da ya ɗaga jiragen Faransa na farko sama

An haifi Léon Levavasseur a 1863 kusa da Cherbourg a arewacin Faransa. Zane ya fara koyo kafin ya koma aikin injiniya, inda matsala guda ta tsaya masa a rai, wato nauyi. Injinan motocin zamanin suna da ƙarfi, amma nauyinsu ya wuce abin da jirgin katako da yadi zai iya ɗauka.

A 1902 attajiri Jules Gastambide ya amince ya zuba kuɗi, aka raɗa wa injin sunan 'yarsa, Antoinette. Levavasseur ya jera silinda takwas sahu biyu a karkace, siffar V, ya sa ana fesa fetur kai tsaye, ruwan sanyaya injin kuma yakan tafasa ya zama tururi, ya huce cikin siraran bututu ya dawo. Duk ƙarfen da za a iya ragewa ya rage shi. A tseren jiragen ruwa injin ya fara yin suna.

Da wannan injin mai ƙarfin doki 50 Santos-Dumont ya tashi mita 220 a Paris ranar 12 ga Nuwamba, 1906. Da irinsa Henri Farman ya kewaya kilomita guda a Janairun 1908.

Sai dai injin bai jure datti ba. Ɗan ƙazanta a cikin fetur kan toshe shi. A Yulin 1909, jaridar Daily Mail na riƙe da kyautar fam 1,000 ga wanda ya fara tsallaka tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila. Ranar 19 Hubert Latham ya tashi da jirgin Antoinette, injin ya mutu, ya faɗa ruwa aka tsamo shi. Ranar 25 Louis Blériot, wanda a da jigo ne a kamfanin Antoinette ɗin, ya tsallaka da ɗan injin Anzani mai silinda uku, rabin ƙarfin na Levavasseur. Bayan kwana biyu Latham ya sake gwadawa, ya sake faɗawa ruwa yana hangen gaɓar Dover. (Latham ɗin a ƙasar Chadi ta yau ajalinsa ya same shi a 1912, wajen farauta.)

Daga nan kasuwa ta juya wa Levavasseur baya. Jirgin da ya ƙera don gasar sojoji ta 1911 ya kasa, kamfanin ya karye. Ya rasu a Puteaux a Fabrairun 1922, hannunsa babu komai.