Jean Brachet: Masanin da ya gano mazaunin RNA, ya kuma bijire wa jam'iyyarsa

Lokacin rigakafin korona, jita-jita ta karaɗe Kano cewa allurar mRNA tana sauya gadon halittar mutum. Fargabar ba ta rasa tushe ba, domin gwajin maganin Trovan na 1996 bai gushe daga zukata ba. Sai dai amsar wannan zargi ta faro ne daga aikin wani ɗan Beljiyam, Jean Brachet, wanda aka haifa a 1909.

A zamanin ƙuruciyarsa, masana sun ɗauka cewa RNA na tsirrai ne da yis, DNA kuma na dabbobi. Brachet ya rushe wannan fahimta. Ta hanyar rina ƙwayoyin halitta da launuka biyu, ya nuna cewa kowace ƙwaya tana ɗauke da su duka: DNA a cikin cibiyarta, RNA kuwa ya fi yawa a ruwan da ke kewaye da cibiyar, musamman a ƙwayoyin da ke sarrafa furotin da yawa.

Daga baya ya koma kan Acetabularia, wani gansakukan teku mai ƙwaya ɗaya tal. Ko an datse ɓangaren da cibiyar take, ragowar kan ci gaba da ƙera furotin na tsawon makonni. Ashe saƙon ya riga ya fito daga cibiya, ya taru a inda ake buƙatarsa. A 1961 wasu masana suka tabbatar da wannan ɗan aike, wato mRNA. A wannan ruwan na waje ne mRNA na allura yake aikinsa, sannan ya narke, ba tare da ya shiga ma'ajiyar DNA ba.

Siyasa ma ba ta bar shi ba. A 1941 jami'arsa ta Burasel ta zaɓi rufe ƙofofinta maimakon bin umarnin 'yan Nazi, shi kuma daga baya aka tsare shi a kurkukun Huy. Ya shiga jam'iyyar Kwaminis, wadda ta tura shi Mosko a 1949 ya gana da Trofim Lysenko, mutumin da ya ƙaryata ilimin gadon halitta da ɗaurin gindin Stalin. Brachet ya dawo bai gamsu ba, ya ƙi yi wa ƙarya ado don faranta wa shugabanni, ya bar jam'iyyar.

Ya rasu a 1988. Kyautar Nobel, wadda a ganina ya cancanta, ba ta taɓa zuwa hannunsa ba.