George Mikan: Dogon da jami'ar DePaul ta mayar gwarzo

A 1942, lokacin da koci Ray Meyer ya haɗu da George Mikan a jami'ar DePaul da ke Chicago a Amurka, ana ganin dogaye sun cika nauyin jiki a ƙwallon kwando. Ga tsawon mita 2.08, ga tabarau mai kauri.

Meyer bai karaya ba. Ya sa shi tsallen igiya, da jefa ƙwallo a raga da dama da hagu, kullum ba fashi. A 1945 DePaul ta lashe gasar NIT.

Mikan ya ci wa Minneapolis Lakers kofi biyar tsakanin 1949 da 1954. Saboda shi NBA ta faɗaɗa filin ƙarƙashin raga a 1951.

Ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafa. Ya mutu a 2005, Shaquille O'Neal ya ɗauki nauyin jana'izarsa.