Gunpei Yokoi: Mai gyaran injin da ya saka madanni a ƙarƙashin babban yatsanka

Ɗauko fad ɗin gem ɗinka ka duba ɓangaren hagu. Za ka ga wani madanni mai siffar alamar tarawa: sama, ƙasa, hagu, dama. 'Yan gem suna ce masa D-pad. Yana jikin fad ɗin Xbox, yana jikin na Nintendo, har a wasannin waya ana zana shi a kan allo. Mutumin da ake danganta shi da shi ya rasu tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu, sunansa Gunpei Yokoi. Duk mai son fara tsofaffin wasannin harbi, irin waɗanda ɗan jirgi ke ratsa ruwan harsasai, ya kamata ya san labarinsa.

An haifi Yokoi ranar 10 ga Satumba, 1941, a birnin Kyoto na ƙasar Japan. Ya karanta fannin lantarki a Jami'ar Doshisha, sannan a 1965 ya samu aiki a kamfanin Nintendo. Kar ka ɗauka Nintendon da ka sani ne. A lokacin katin karta na gargajiyar Japan suke bugawa, aikin Yokoi kuwa shi ne kula da injinan masana'anta. Idan babu abin gyara, sai ya zauna yana ƙere-ƙerensa.

A 1966 shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya gan shi da wani hannun wasa da ya haɗa, mai miƙewa ya cafko abu daga nesa. Maimakon faɗa, sai ya umarce shi ya mayar da shi kayan sayarwa. Aka sa masa suna Ultra Hand, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. Daga ranar mai gyaran inji ya koma mai ƙirƙira.

Da wuri ya shiga harkar harbi. A 1970, tare da injiniya Masayuki Uemura, ya fito da bindigar wasa mai harba haske, abin da ake harbi kuma yana da ɗan sinadarin da ke gane hasken. Zuriyar wannan bindiga ce ta haifi Wild Gunman a 1974 da kuma Duck Hunt a 1984. Yayyenmu da suka taso da gem ɗin kaset mai bindigar roba, suna harbin agwagi a talabijin kare na yi musu dariya, aikin Yokoi suka taɓa ba su sani ba.

Ana ba da labarin cewa wata rana a jirgin ƙasa ya ga wani ma'aikaci yana danne-dannen kalkuleta don kashe lokaci. Nan ya samo tunanin Game & Watch, ɗan gem ɗin aljihu da ya fito a 1980, wanda aka yi da irin allon kalkuleta mai arha. A 1982 aka so a saka wasan Donkey Kong a cikinsa. Matsalar ita ce na'urar tana da allo biyu kuma naɗe ta ake yi, don haka sandar tuƙi irin ta gidajen gem ba za ta shiga ba. Sai Yokoi da tawagarsa suka shimfiɗe sandar ta koma madanni mai fuska huɗu. Shekara ɗaya bayan nan aka ɗora shi a fad ɗin Famicom, daga nan ya bazu duniya.

Me ya haɗa wannan da wasan harbi? Tun daga Space Invaders na 1978 zuwa Xevious da Gradius, da madanni ko sanda mai kunne-kashe aka tsara waɗannan wasanni. Ka danna, jirgi ya tafi; ka ɗaga yatsa, ya tsaya cak. Ka haɗa sama da dama, ya bi kusurwa, shi ya sa fuska huɗu ke ba da hanyoyi takwas. Tsakiyar madannin kuma tana kan wani ɗan tudu, don haka hagu da dama ba sa dannuwa lokaci guda. A wasan da tazarar da ke tsakaninka da harsashi ba ta kai faɗin farce ba, wannan daidaito shi ne rayuwarka. Ƙaramar sandar analog ta zamani sai ta yi 'yar tafiya kafin ta amsa, allon waya kuma yatsa ba ya jin iyakarsa. Saboda haka idan za ka sayi fad, fara gwada D-pad ɗinsa: ya amsa ba tare da ka matsa da ƙarfi ba, kuma kada ya riƙa zamewa kusurwa alhali dama kawai ka danna. Yokoi da kansa yana cikin waɗanda suka tsara SolarStriker na 1990, wasan jirgi mai sauƙi da ya dace da ɗan koyo.

Aƙidarsa ita ce a ɗauki fasahar da ta tsufa ta yi arha, wadda kowa ya san halinta, a nemo mata sabon amfani. Game Boy na 1989 shi ne babbar hujjarsa. Allonsa ba kala, batir huɗu yake ci kuma ya daɗe. Game Gear na Sega da Lynx na Atari sun zo da kala, amma batir shida suke lashewa cikin 'yan sa'o'i. Game Boy ya bar su a baya, shi da ƙanensa Game Boy Color an sayar da sama da miliyan 118.

Sai dai ba kullum ake kwana a gado ba. A 1995 ya fitar da Virtual Boy, na'urar da ake leƙawa kamar madubin hange, mai hoto ja da baƙi. Mutane suka yi ƙorafin ciwon kai da gajiyar ido, kasuwa ta ƙi, aka daina yin ta. Yokoi ya tsaya ya kammala Game Boy Pocket, sannan a 1996 ya bar Nintendo bayan shekara 31, ya kafa kamfaninsa mai suna Koto, ya fara aikin wani sabon gem ɗin hannu tare da Bandai.

Bai ga fitowarsa ba. Ranar 4 ga Oktoba, 1997, motar da yake ciki ta yi ɗan karo a babbar hanyar Hokuriku. Ya fito duba ɓarnar, wata mota ta buge shi, ya rasu yana da shekara 56. A 1999 WonderSwan ya shiga kasuwa, kuma ɗaya daga cikin wasanninsa na farko an sa masa suna Gunpey don tunawa da shi.

Don haka idan abokai sun ce sai ka tara kuɗin fad mai tsada kafin ka fara, tuna da mai gyaran injin Kyoto. Tsohon fad mai lafiyayyen D-pad da maɓalli biyu ya ishe ka. Zaɓi wasa ɗaya, Gradius ko SolarStriker, ka riƙa kallon jirginka fiye da abokan gaba, ka maimaita matakin farko har sai ka wuce shi ba a harbo ka ba.