Muda Lawal: Bakaniken da ya riƙe tsakiyar filin Shooting Stars ta Ibadan

Mudashiru Babatunde Lawal, wanda 'yan ƙwallo suka fi sani da Muda, ya rayu shekara 37 kacal, kuma fiye da goma daga cikinsu ya yi su ne sanye da rigar ƙungiya ɗaya, wato Shooting Stars ta Ibadan. Tarihinsa da na ƙungiyar sun sarƙe ta yadda ba a iya ba da ɗaya a bar ɗaya: tare suka ɗaukaka, kuma ranar da hukuma ta juya wa ƙungiyar baya, shi ma sai da ya ɗauki takalmansa ya nemi wani gidan.

An haife shi a Abeokuta ranar 8 ga Yuni, 1954. Kafin ƙwallo ta zame masa sana'a, aikin kanikanci yake yi. A shekarar 1975 ya shiga Shooting Stars, kuma a wannan shekarar aka fara gayyatarsa ƙungiyar ƙasa, wadda a lokacin ake kira Green Eagles.

Ƙungiyar da ya shiga mallakar gwamnati ce. Ta taso ne a ƙarƙashin hukumar raya Yammacin Najeriya, WNDC, daga baya ta koma hannun kamfanin zuba jari da ba da lamuni na gwamnati, IICC, wanda sunansa ya manne mata har aka riƙa kiranta IICC Shooting Stars. Haka tsarin yake a wancan zamani: hukumar jiragen ƙasa, ta lantarki da ta tashoshin ruwa duk suna da ƙungiyoyinsu, kuma ɗan wasa ya fi kama da ma'aikaci mai jiran albashi fiye da tauraro mai kwantiragi. Abin da ya bambanta Shooting Stars shi ne Yarbawa sun ɗauke ta tasu, kamar yadda Ibo suka rungumi Rangers ta Inugu bayan yaƙin basasa. Jagoranta kuwa Cif Lekan Salami ne, mutumin da filin wasa na Adamasingba a Ibadan yake ɗauke da sunansa a yau. Ko da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta raba Jihar Yamma gida uku a Fabrairun 1976, aka sami Oyo da Ogun da Ondo, garin su Muda ya zama hedikwatar Ogun, shi kuwa ya ci gaba da zamansa a Ibadan.

Shekarar 1976 ce ta fito da shi. A farkonta ya je Habasha da Green Eagles, inda Najeriya ta zo ta uku a gasar Kofin Nahiyar Afirka. Kafin ƙarshenta kuma Shooting Stars, ƙarƙashin Baturen Ingila Alan Hawkes, ta ci gasar lig ta ƙasa, sannan ta doke Tonnerre ta Yawunde a wasan ƙarshe na kofin ƙungiyoyin da suka ci kofunan ƙasashensu: 4 da 1 a Najeriya, 0 da 1 a Kamaru. Wannan ne karo na farko da wata ƙungiya ta Najeriya ta ɗauko kofin nahiya. A gaba akwai Segun Odegbami da Kunle Awesu, a raga Best Ogedegbe, kyaftin kuwa Samuel Ojebode. Muda yana tsakiya, inda aikin ya fi yawa kuma yabon ya fi ƙaranci. Shi ne mai ƙwace ƙwallo daga abokan hamayya, ya riƙe ta har 'yan'uwansa su daidaita, ya raba, sannan a gan shi ya ɓullo a bakin raga. Ba a san shi da gajiya ba, kuma 'yan kallo na ganin gudun Odegbami a gefe ba tare da lura da wanda ya miƙa masa ƙwallon ba.

Kare kofin a shekarar da ta biyo baya ya jawo wasan da har yau dattawan Kaduna ke ba da labarinsa. A zagayen kusa da na ƙarshe na 1977, ƙuri'a ta haɗa Shooting Stars da Rangers, ƙungiyoyi biyu na ƙasa ɗaya, kowacce da ƙabila a bayanta, shekara bakwai kacal bayan an ajiye bindiga. Karon farko a Legas ya tashi babu ci. Hankula suka tashi har hukuma ta ga cewa hikima ita ce a ɗauke karo na biyu daga Kudu gaba ɗaya, aka kai shi filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna. Can ma aka tashi canjaras, sai a bugun fanareti Rangers ta su Christian Chukwu da Emmanuel Okala ta yi nasara, ta wuce ta ci kofin. Abin lura shi ne mutanen da suka yi wannan gumurzu su ne dai suke haɗuwa a sansanin Green Eagles su ci abinci a akushi ɗaya. Shooting Stars ta huce haushinta da Kofin Ƙalubale na wannan shekara, wanda ta kara da Raccah Rovers ta Kano a wasansa na ƙarshe, ta sake cin sa a 1979.

Sai 1980, lokacin da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar Kofin Nahiyar Afirka a Legas da Ibadan. Muda ya ci ƙwallo a wasan farko da Tanzaniya. A wasan ƙarshe, ranar 22 ga Maris, koci Otto Gloria ɗan Burazil ya matsar da shi gaba daga inda ya saba, aka kuma doke Aljeriya 3 da 0: Odegbami biyu, Muda ɗaya. Idan aka haɗa da ƙwallon da Felix Owolabi ya zura wa Maroko a wasan kusa da na ƙarshe, za a ga cewa duk ƙwallaye huɗun da suka kai Najeriya ga kofinta na farko a wasanni biyu na ƙarshe 'yan Shooting Stars ne suka ci su, ragar kuma Ogedegbe ne ya tsare ta. Shugaba Shehu Shagari ya ba 'yan wasan lambar girma ta MON, da gidaje a unguwar Festac, da motoci ƙirar Peugeot. A shekarar ce kuma ƙungiyar ta sake cin lig.

Abu ɗaya ya gagare shi, shi ne Kofin Duniya. A 1977 Tunisiya ta tare hanya a Legas da ƙwallon da Godwin Odiye ya ci gida bisa kuskure. A 1981 Aljeriyar da aka lallasa bara ta dawo ta rama, gida da waje. Duk da haka ya buga gasar nahiya sau biyar a jere, 1976, 1978, 1980, 1982 da 1984, kuma a ta ƙarshen, a Abidjan, shi ne ya ci wa Najeriya ƙwallonta tilo a wasan ƙarshe da Kamaru ta yi nasara 3 da 1. Ya buga wa ƙasa wasa 86, adadin da ba a wuce ba sai da Joseph Yobo ya zo, kusan shekara ashirin bayan rasuwarsa.

A gida kuwa, Shooting Stars ta ci lig a 1983, da wani matashi haifaffen Kaduna a gaba, Rashidi Yekini, wanda ya zo daga ƙungiyar masaƙar UNTL. Wannan ya ba ta damar shiga gasar zakarun Afirka ta 1984, kofin da babu ƙungiyar Najeriya da ta taɓa ɗauka a lokacin. Ta kai wasan ƙarshe, Zamalek ta Masar ta ci ta 2 da 0 a Alƙahira, ta sake cin ta 1 da 0 a Legas. Martanin gwamnatin soja ta Jihar Oyo shi ne watsa 'yan wasan. Zuwa na biyu a nahiya ba abin kunya ba ne, kuma da wuya a sami hujjar ƙwallo da za ta kare wannan hukunci. Amma ƙungiyar ta gwamnati ce, wanda ke biyan albashi kuma shi ke da alƙalami. Ginin da aka yi shekara goma ana ɗorawa ya rushe cikin ɗan lokaci. Yekini ya koma Abiola Babes, daga baya ya fita ƙasashen waje. Najeriya ba ta ga wannan kofi ba sai a 2003, a hannun Enyimba ta Aba.

Muda, yana da shekara 30 da 'yan kai, ya tafi Stationery Stores ta Legas, sannan Abiola Babes ta garinsu Abeokuta, wadda Cif M.K.O. Abiola ya kafa. Dukansu na 'yan kasuwa ne, ba na hukuma ba. Zamanin ya zo daidai da lokacin da ƙannensa a wasa suka fara kwarara zuwa Abidjan da Beljiyam neman kuɗi, shi kuwa duk wasansa na kulob a cikin Najeriya ya yi shi. Daga bisani ya koma Shooting Stars da aka sake ginawa, yana taka leda yana kuma taimaka wa koci wajen horar da matasa.

Yana kan wannan aiki Allah ya yi masa rasuwa kwatsam a gidansa da ke Ibadan, ranar 6 ga Yuli, 1991. An sa wa filin wasa na Asero a Abeokuta sunansa. A shekarar da ta biyo baya, 1992, Shooting Stars ta doke Nakivubo Villa ta Yuganda a filin Lekan Salami, ta zama ƙungiya ta farko da ta ɗauki sabon Kofin CAF.