Linus Pauling: Mutumin da ya gano tushen amosanin jini

Duk lokacin da aka ɗibi jinin saurayi da budurwa a wani ɗakin gwaji na birnin Katsina, aka miƙa musu takarda mai ɗauke da haruffan AA ko AS ko SS, aikin wani Ba'amurke ne ake maimaitawa, ko da yake ƙalilan ne daga cikinmu suka san sunansa. Wannan mutum shi ne Linus Pauling, masanin kimiyyar sinadarai da ya rasu a 1994. Ya kamata mai karatu ya san tarihinsa saboda dalilai biyu. Na farko, shi ya fara nuna wa duniya inda cutar amosanin jini, wadda aka fi sani da sikila, take da saiwa. Na biyu, shi ɗin dai ne ya kawo wata shawara a kan masu ɗauke da ita wadda ya wajaba mu guje mata, musamman yanzu da maganar tilasta gwaji kafin aure ta kankama a Arewa.

An haifi Pauling ran 28 ga Fabrairu 1901 a garin Portland na jihar Oregon. Mahaifinsa mai kantin magani ne, ya kuma rasu a 1910, yaron yana da shekara tara. Mahaifiyarsa ta koma bayar da hayar ɗakuna domin ta ciyar da shi da ƙannensa mata biyu. Bai sami takardar kammala sakandare ba, saboda akwai darussan tarihi biyu da bai ɗauka ba, amma duk da haka kwalejin aikin gona ta Oregon ta karɓe shi a 1917. Talauci ya sa ya dakatar da karatu na shekara guda yana koyarwa a kwalejin, sannan ya kammala a 1922. A cikin ɗaliban da ya koyar akwai Ava Helen Miller, wadda ya aura a 1923. Ya sami digirin digirgir a 1925 a cibiyar Caltech da ke Kalifoniya, daga nan ya tafi Turai ya zauna da manyan masana kimiyyar lissafin atom a Jamus da Denmak da Suwizalan.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne bayanin yadda atom ke riƙe ɗan'uwansa har su tada sinadari, kuma littafin da ya fitar a kan haka a 1939 ya zama abin dogaron ɗalibai a duniya baki ɗaya. Tun kafin wannan lokaci hankalinsa ya fara karkata ga jikin ɗan'adam. A 1936 shi da abokin aikinsa Charles Coryell sun nuna cewa himogulobin, wato furotin ɗin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini yana dakon iskar oksijin, yakan sauya ɗabi'arsa a gaban maganaɗisu gwargwadon ko yana ɗauke da iskar ko babu. Shi kansa ya ɗanɗana jinya, domin a 1941 ciwon ƙoda mai tsanani ya kama shi, sai da likita Thomas Addis ya ɗora shi a kan abinci marar gishiri mai ƙarancin nama na tsawon shekaru kafin ya murmure.

Ita kuwa sikila, likitocin Turawa sun san da ita tun 1910, lokacin da James Herrick na Shikago ya bayyana jinin wani ɗalibi baƙar fata wanda ƙwayoyinsa suka lanƙwashe kamar lauje. Sai dai babu wanda ya san dalilin lanƙwashewar. A 1945 wani likitan jini na jami'ar Harvard, William Castle, ya gaya wa Pauling cewa ƙwayoyin nan suna lanƙwashewa ne idan oksijin ya yi ƙaranci, su miƙe idan ya dawo. Nan take Pauling ya yi lissafi: tun da himogulobin ne ke karɓar oksijin yana sakinsa, lallai aibin yana jikin himogulobin ɗin. Ya yi hasashen cewa idan ya saki iskar yakan manne da 'yan'uwansa, su zama dogayen sanduna da ke tanƙwara ƙwayar daga ciki.

Ya ɗora aikin tabbatar da haka a kan wani matashin likita, Harvey Itano, ɗan asalin Japan haifaffen Amurka, wanda gwamnati ta taɓa tsarewa a sansani lokacin yaƙin duniya na biyu saboda asalinsa kawai. Bayan dogon lokaci ana gwaji ana faɗuwa, sai suka bi ta hanyar lantarki: a zuba himogulobin cikin ruwa, a saki wuta, a ga saurin tafiyar kowane iri. Na mai sikila ya yi tafiya dabam da na mai lafiya, jinin wanda ya gaji cutar daga ɓangare ɗaya kuma ya nuna iri biyun duka. A Nuwamban 1949 Pauling da Itano da Singer da Wells suka buga sakamakon a mujallar Science. Wannan ne karo na farko a tarihin likitanci da aka danganta wata cuta da aibin furotin guda ɗaya tak. A 1956 zuwa 1957 Vernon Ingram na Kambirij ya ƙarasa aikin: a cikin jerin tubala 146 da suka gina sarƙa ɗaya ta himogulobin, tubali na shida kaɗai aka musanya. Wannan ɗan canji ne ke sa ƙwayar jinin da ya kamata ta yi kwana 120 ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, ya toshe ƙananan jijiyoyi, ya haddasa ciwon ƙashin da iyaye suka sani farin sani.

Nauyin wannan bincike a kanmu ya faɗa fiye da kowa. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa wannan gado ya yawaita a inda sauro ya yi katutu. Binciken da aka gudanar a gundumar Garki, wadda ke jihar Jigawa a yau, cikin shekarun 1970, ya gano cewa kusan jarirai biyu cikin ɗari ana haifarsu da SS, amma da wuya a ga ɗaya a cikin waɗanda suka wuce shekara biyar. Allah kaɗai Ya san yawan yaran da aka binne ana cewa wabi ne ko iska. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya yana ɗauke da gadon, kuma ana haifar yara kimanin 150,000 da cutar a kowace shekara.

Pauling bai tsaya a ɗakin gwaji ba. A 1951 ya bayyana yadda furotin ke naɗewa, a 1954 ya karɓi lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai. Shi da matarsa sun duƙufa yaƙi da gwajin makaman nukiliya, har gwamnatin ƙasarsa ta hana shi fasfo a 1952. A 1958 ya miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya koken da masana fiye da 11,000 suka sa wa hannu. Dattawan Katsina za su tuna cewa abin ya shafe mu kai tsaye, domin a 1960 Faransa ta fara tayar da bama-bamanta a Reggane cikin hamadar Aljeriya, jama'a na fargabar abin da iskar hunturu za ta kwaso, har gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961. An ba Pauling lambar Nobel ta zaman lafiya ta 1962, ya zama mutum ɗaya tilo da ya ci lambar sau biyu ba tare da an raba shi da kowa ba.

To amma ɗan'adam tara yake bai cika goma ba. A 1953 ya fitar da siffar DNA mai igiya uku, wadda ba daidai ba ce, Watson da Crick suka zo da ta gaskiya a wannan shekarar. A ƙarshen rayuwarsa ya nace cewa shan bitamin C da yawa na maganin mura har da ciwon daji, gwaje-gwajen asibitin Mayo na 1979 da 1985 kuwa ba su ga wani amfani ga masu ciwon daji ba. Mafi muni, a 1968 ya ba da shawarar a yi wa duk matashin da ke ɗauke da gadon sikila tambari a goshi wanda ba ya gogewa, wai domin masu irinsa su gane juna tun kafin soyayya ta shiga. Mutumin da ya kare Itano da aiki ya kuma kare duniya daga guba, shi ne ya nemi a yi wa miliyoyin lafiyayyun mutane shaida kamar dabbobi. Ya rasu da ciwon daji ran 19 ga Agusta 1994, yana da shekara 93.

Ƙofar da ya buɗe har yau ana shiga ta cikinta. Masana sun lura cewa jariri ba ya nuna alamar sikila a watannin farko, saboda yana da wani himogulobin na cikin mahaifa wanda ba ya mannewa. A 2008 aka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ce ke rufe shi bayan haihuwa. Da aka sami dabarar CRISPR ta yanka da gyara DNA a 2012, sai aka fara ciro ƙwayoyin ɓargon majiyyaci, a raunana wannan makulli, a mayar masa da su. Ingila ta amince da wannan magani, Casgevy, a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba, a kan farashin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Wane magidanci ne a Ƙofar Ƙaura ko Rafindaɗi zai iya wannan?

Abin da ke kusa da hannunmu ya fi wannan araha nesa ba kusa ba. Tun 1986 aka tabbatar cewa ba yaro mai sikila fenisilin kullum na kare shi daga cutar da ta fi kashe irinsu. Maganin haidiroksiyuriya, wanda shi ma himogulobin ɗin jarirai yake farfaɗowa, an gwada shi a kan yara a asibitocin Aminu Kano da Murtala Muhammad a Kano da Barau Dikko a Kaduna, sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa ko ƙaramin awo na taimakawa wajen kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Duk wannan ya fi amfani idan an san yaron tun yana jariri. Saboda haka ya dace asibitin koyarwa na tarayya da babban asibitin Katsina da asibitin Turai 'Yar'aduwa su mayar da gwajin jarirai abin yau da kullum, jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma ta sa ɗalibanta binciken jinin mutanenmu.

Game da aure kuwa, a 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin ɗaurin aure, kuma babu shakka muhawarar za ta ci gaba a sauran jihohi. Rigakafi ya fi magani, domin idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, ko auren zumunci ne ko na bare. Amma dokar da za ta amfane mu ita ce wadda ta tanadi gwaji sahihi mai sauƙin kuɗi tun yara na makaranta, kafin a kai lefe, tare da ma'aikacin da zai zauna ya yi wa iyali bayani, sakamakon kuma ya zama sirrin mai shi. Idan takardar gwaji ta zama abin da ake yi wa yarinya gori da shi a unguwa, ko abin da ake saya a bayan fage, to tambarin goshin nan na 1968 muka farfaɗo da shi da hannunmu. Mu ɗauki ilimin Pauling mu bar masa kuskurensa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.